Baffa zai je Fenway: wace rana, wace kujera, wace ƙofa?

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san Boston da wasan besbol. Baffanmu tun 1975 yake goyon bayan Red Sox, ƙungiyar besbol ta Boston a Amurka, amma bai taɓa taka filinsu na Fenway ba. Bana 'ya'yansa sun haɗa masa kuɗin tafiya, bizarsa tana da sauran lokaci, ni zan raka shi. Ya haura saba'in, kuma gwiwarsa ba ta shiri da matakala. Kwana biyar za mu yi a garin. Wane wata ya fi, wace kujera za mu saya, kuma me ke ɓata wa mutane irin wannan tafiya? Shi dai maganarsa ɗaya ce, a ɗora shi a kan dogon koren bangon nan na filin.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka Auta, kun kyauta wa dattijo. Ku fara da rana kafin kujera, don rana ce ke yanke farashin komai. Kakar wasa tana farawa ƙarshen Maris ta ƙare ƙarshen Satumba, wasa 162, rabinsu wato 81 a gida. Ƙungiya takan zauna gida mako guda ko kwana goma, sannan ta fita yawon da ya kai haka. Saboda haka jadawalin ƙungiya za ku buɗe kafin ku taɓa tikitin jirgi. Kuskuren farko da baƙi ke yi shi ne su sauka Boston su tarar 'yan wasan suna Toronto ko Seattle har mako ya ƙare.

Afrilu ku cire shi gaba ɗaya. Da dare sanyi yakan sauka zuwa digiri 5 ko 6, ga iska, mutum kuma zaune yake wuri ɗaya kusan awa uku. Tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba shi ne lokacin dattijo. Yuli da Agusta akwai zafi mai danshi, amma ba abin da zai tsorata mutumin gida ba ne.

Hajiya Mairo: Ku ƙara da lissafin masauki. Lokaci uku otal a Boston ba ya taɓuwa. Akwai Litinin ta uku a Afrilu, ranar gudun fanfalaki na birnin, wadda ake buga wasa da hantsi wajen ƙarfe 11, masu gudun kuma ta dandalin Kenmore suke wucewa, dab da filin. Akwai watan Mayu, lokacin yaye ɗaliban jami'o'i. Sai kwanakin da ke zagaye da 1 ga Satumba, ranar da ɗalibai ke sauya gidajen haya, tituna su cika da motocin kaya. Kuma ba dole ba ne ku kwana kusa da filin. Duk otal ɗin da ke kan layin jirgin ƙasan birni na Green Line a Brookline ko Back Bay ya wadatar.

Baban Ummi: Babban abin da ke rusa tafiyar nan ruwan sama ne. Fenway ba shi da rufi a kan fili. Idan aka fara ruwa sai a ja tamfol a rufe cikin fili a zauna jira, wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci biyu. Idan an kammala zagaye biyar daga cikin tara na wasa, ko huɗu da rabi in masu gida ke gaba, wasa ya halatta, ana iya tashi a haka kuma tikiti ya ci kuɗinsa. Idan ba a fara ba sam sai a ɗage, tikitinka ya koma na ranar da aka sake sakawa.

To ga dabarar. Ana buga wasa ne jeri-jeri, uku ko huɗu a jere da ƙungiya ɗaya. Ku sayi na farko a jerin, kada ku sayi na ƙarshe. In aka ɗage na farko, sau da yawa washegari ake haɗa biyu a rana ɗaya, kuna gari. In na ƙarshe aka ɗage, baƙi jirgi ke jiransu, ku ma haka. Kuma kada wasanku ya faɗo daren da za ku wayi gari ku tashi.

Ɗan Damagaram: Baban Ummi, na yarda da na farko a jeri, amma akwai abin da ya fi wannan. A duba wace ƙungiya ce baƙuwar. Tun 2023 kowace ƙungiya tana haɗuwa da kowace, 'yan rukuni ɗaya kuma sau 13 suke karawa a shekara. Ma'ana 'yan rukunin Red Sox, wato Yankees, Orioles, Rays da Blue Jays, za su sake dawowa Boston a cikin kakar. In ruwa ya hana wasa da ɗayansu a Yuni, ba wanda ke gaggawa, ana iya tura shi har dawowarsu a Satumba, lokacin Baffa yana gida. Ƙungiyar da sau ɗaya tak take zuwa a shekara ita ce ake matsa wa a biya bashin kafin ta bar gari.

Baban Ummi: Wannan gaskiya ne. Sai dai mutumin da ya yi shekara hamsin yana jira, in ka ce masa ba Yankees, manyan abokan hamayyar Red Sox, zai gani ba, sai ka shirya bayani.

Ɗan Damagaram: Bayanin a aljihu yake. Kuɗin kujera ɗaya ranar Asabar da Yankees zai iya sayen kujeru biyu masu kyau ranar Talata da wata ƙungiyar. Fenway ya zo gani, ba Yankees ba. Wasa biyu a kujeru daban-daban ya fi wasa ɗaya mai tsada, kuma shi ne kariya daga ruwan saman ma.

Auta: Na gode ƙwarai. To maganar bangon fa? Yanzu ma ya sake tambaya ta.

Injiniya: Bari a yi wa bangon adalci tukuna. Green Monster ake kiransa, tsayinsa ƙafa 37 da inci 2, kusan mita 11 da ɗoriya, nisansa daga inda mai bugu ke tsayawa ƙafa 310 ne ta layin hagu. Titin Lansdowne ke bayansa, babu sararin da za a faɗaɗa filin, shi ya sa aka rama da tsayi. A 1947 aka shafa masa koren fenti, kafin nan tallace-tallace ne a jikinsa. Kujerun samansa sai a 2003 aka kafa su, a wurin da raga take a da, kuma ba su kai 300 ba, shi ya sa tsadarsu.

Ga matsalar. Wanda ya zauna a kan bango ba ya ganin bangon. Ƙwallo ta daki jikinsa, ƙara kawai za ka ji a ƙarƙashin ƙafarka, ba za ka ga yadda ta dawo ba, ba za ka ga mai tsaron hagu yana lissafin inda za ta faɗo ba, wanda shi ne daɗin kallo a filin nan. Allon maki na hannu ma a ƙasanka yake. Kujerun dogaye ne masu teburi a gaba, hawa ake yi, layukan a tsaye suke, babu inuwa, babu kariya daga iska. Ga mai ciwon gwiwa ban ga dalili ba.

Yaya Talatu: Injiniya, ban yarda da kai duka ba. Mutum ya ce abu kaza yake so tun yana saurayi, sai a ce masa lissafi bai ba da haka ba? Gani ya kori ji. Akwai hanyar da za a ba shi bangon ba tare da an kashe kuɗin kujerar ba. Filin yana da zagayen baƙi na awa guda, kusan kullum duk shekara, daga safe. A bisa al'ada ana hawa da mutane saman bangon su zauna su ɗauki hoto. Ranar wasa ana rufe zagayen sa'o'i kafin a fara, wasu wuraren kuma ba a shiga, don haka ku yi shi da safe ko ranar da babu wasa. Ku faɗa musu tun wurin sayen tikiti cewa akwai mai lalurar ƙafa, su nuna muku hanyar lif. Ya hau, ya leƙa ƙasa, ya ga yadda fili ya matso kusa. In bayan haka ya ce lallai a can zai kalli wasa, sai ku sayi na wasa na biyu, ya riga ya san abin da zai tarar.

Injiniya: Wannan ya yi Yaya. Zagaye da safe, wasa da dare.

Malam Habu: Tunda an zo kan kujera, a saurara da kyau, don nan ne Fenway ke cutar baƙo. An buɗe filin ranar 20 ga Afrilu 1912, shi ne mafi tsufa a manyan filayen besbol na Amurka, kuma yana ɗaukar mutum dubu 37 da 'yan ɗaruruwa. Tsarin zaman daga fili zuwa baya hawa uku ne: Field Box dab da ciyawa, sai Loge Box, sai Grandstand a ƙarƙashin rufi. Bleachers kuma, wato kujerun da ba su da rufi, suna can ƙarshen fili, sashe na 34 zuwa 43.

Grandstand lambarsa daga 1 zuwa 33, tana farawa daga kusurwar dama ta zagayo. Sashe na 20 da 21 su ne bayan mai cafa, wanda ke tsugune a bayan mai bugu. Daga 1 zuwa wajen 10 ku guje su ko da kyauta ne. An kafa kujerun suna fuskantar tsakiyar fili maimakon inda ake jifa da bugu, sai mutum ya karkata wuya hagu tun daga farko har ƙarshe, duk mai wucewa da sayar da gyaɗa kuma a gabansa zai gitta. Haka Right Field Box, daga 87 zuwa 97. Su ne za ku fara gani a jerin masu sauƙin kuɗi, to araha ba ta ado.

Abu na biyu ginshiƙai. Rufin Grandstand a kan ginshiƙan ƙarfe yake tsaye, kuma suna tsaye ne a layukan gaba. Duk wanda ke bayansu akwai yankin filin da ba zai gani ba. Wani ginshiƙin mai jifa zai rufe maka, wani mai bugu. Rubutun gargaɗin da ake sa wa tikiti ba kowace kujerar da ginshiƙi ya taɓa yake hawa ba, sai wadda abin ya yi muni. Kafin ku biya, ku sa lambar sashe da layi da kujera a shafukan da ke nuna hoton abin da ake gani daga kowace kujera. Layukan can baya kuma rufi ke sauko musu, ƙwallo ta tashi sama sai ta ɓace maka har ta faɗo.

Na uku, shuɗin kujerun katakon nan tun 1934 suke. An gyara su amma ba a faɗaɗa ba, kamar bencin 'yan firamare, gwiwarka na taɓa bayan na gaba. In Grandstand za ku saya, ku nema wa Baffa ta bakin hanya, ta ɓangaren da zai miƙe ƙafar da ke ciwo.

Auta: Malam, in kai ne wace za ka saya masa kai tsaye?

Malam Habu: Loge Box ta ɓangaren tasha ta ɗaya, wato gaban Grandstand 13 zuwa 17 (tashoshi su ne wuraren da mai bugu ke takawa in ya ruga, ta ɗaya a dama, ta uku a hagu). Daga nan bangon yana fuskantarka sosai, da allon makinsa, da sandar iyakar hagu wadda ƙwallon ɗan wasan Red Sox Carlton Fisk ta daka a zagaye na 12 a wasa na shida na ƙarshen kakar 1975 da Cincinnati. Mutumin da ya fara son ƙungiyar a shekarar nan, wannan sandar zai so ya sa a gaba. Rumfar 'yan wasan Red Sox ma a ɓangaren take. Babu ginshiƙi a Loge. Sai dai ku tsallake layuka uku na farko, AA zuwa CC, don hanyar wucewa ce a gabansu, ba a daina zirga-zirga. Daga DD zuwa wajen HH ya isa, matakala kaɗan ce.

Hajiya Mairo: A lura da rana kuma. Filin arewa maso gabas yake fuskanta, don haka rana tana faɗuwa ta bayan tasha ta uku. Ɓangaren tasha ta uku ke fara samun inuwa, kusurwar dama da Bleachers kuwa rana na cikin idonsu har ta faɗi. In wasan rana ne na ƙarfe 1:35 ranar Lahadi, Loge a buɗe take, dattijo zai gasu. Ranar sai Grandstand ta ɓangaren tasha ta uku, 24 zuwa 28, layukan gaba, bayan an duba ginshiƙi.

Alaramma: Akwai abin da ba a taɓo ba. Giya ake sha a filin nan sosai, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu a cikin layi, kuma Bleachers sun fi ko'ina hayaniya. An daɗe ana ware sashe na 32 da 33 na Grandstand a matsayin wurin iyali da ba a shiga da giya. Ku tabbatar da tsarin bana lokacin saye. Suna kusurwar hagu, gefen bangon, kuma kujerunsu cikin fili suke kallo, ba kamar na dama ba. Ga wanda zama cikin masu sha zai ɓata wa rai, wurin ya fi masa Loge.

Sai sallah. Wanda ya fita daga filin ba ya komawa da tikitinsa, wannan doka ce. Wasan dare yawanci 7:10 ake farawa, wasu ranakun farko da ƙarshen kaka 6:45. A Yuni magariba a Boston tana kaiwa 8:25, wato tsakiyar wasa, wajen zagaye na huɗu ko na biyar. A tsakiyar Satumba kuwa kafin ƙarfe 7 take faɗawa. Ku shiga da alwala, ku tambayi teburin kula da baƙi wurin da ba jama'a, ku tafi da siririyar darduma mai naɗewa. Alƙibla a Boston arewa maso gabas ce, kusan digiri 60, ba kudu maso gabas da mutane ke zato ba. Wasan Lahadi ya fi sauƙi: azahar na shiga wajen ɗaya saura kwata, wasa kan ƙare kafin la'asar ta yi nisa. Batun kasaru da haɗa salla, tunda kwana biyar kuka yi niyya, ya wuce kwana huɗun da malamanmu na Malikiyya suka iyakance, sai Baffa ya tambayi malaminsa kafin ya taso. Juma'a kuma akwai babban masallacin Roxbury, a bakin tashar Roxbury Crossing ta Orange Line.

Yaya Talatu: Abinci ma a kula. Tsiran Italiya da ake gasawa da albasa da tattasai a Lansdowne, wanda ƙamshinsa ke tarbar mutum tun daga gada, naman alade ne. Tsiran cikin burodi da ake kira Fenway Frank kada ku ɗauka zallan naman shanu ne, ko da shanun ne ma ba yankanmu ba ne. Farar miyar nan ta kayan teku da Boston ta shahara da ita, yawanci da kitsen alade ake soma ta. Abin da ya rage gyaɗa mai ɓawo, gugguru, fiza ta cuku, askirim. Ku ci abinci mai nauyi kafin ku taho. Ana barin mutum ya shiga da ƙaramar robar ruwa guda wadda ba a buɗe ba.

Ɗan Damagaram: Tikiti yanzu duk a waya yake, cikin manhajar MLB Ballpark. Abu uku ke hana mutane shiga. Na ɗaya, a sayi tikiti da adireshin imel ɗaya a buɗe manhajar da wani, sai ta nuna babu komai. Na biyu, ɗaukar hoton allon waya. Lambar tikitin tana sauyawa da kanta, hoto ba ya aiki, don haka duk wanda ya tare ku a titi ya ce zai tura muku hoton tikiti ku wuce shi. Na uku intanet. Mutum dubu talatin da wani abu a unguwa ɗaya, layi yakan yi nauyi, sai ku buɗe tikitin tun a otal, waya cike da caji. In na hannu na biyu za ku saya, SeatGeek ce kasuwar da hukumar wasan ta amince da ita tun 2023, tikiti yana shigowa manhajar kai tsaye.

Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, sai kati ko waya. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje. Akwai injinan da ake zuba dala su ba da kati, amma layi ne, gara ku zo da katin dala. Jaka kuma mai aljihu ɗaya, kada ta wuce inci 12 da 12 da 6. Jakar goyo ba ta shiga. Ta magani ana bari bayan an duba.

Auta: Daga filin jirgi zuwa can fa? Mu yi hayar mota?

Injiniya: A'a. Wurin ajiye mota kusa da filin ranar wasa dala 50 ko fiye ba abin mamaki ba ne, bayan wasa kuma sai ku yi rabin awa ba ku bar unguwar ba. Jirgin ƙasan birni dala 2.40 ne, ana iya taɓa katin banki a ƙofa. Daga filin jirgin sama na Logan akwai bas kyauta zuwa tashar Airport, ku hau Blue Line zuwa Government Center, ku sauya zuwa Green Line.

A nan ake ɓata. Green Line reshe huɗu ne, B, C, D da E, duk a dandamali ɗaya suke tsayawa. B, C da D suna zuwa Kenmore. E ba ya zuwa, bayan Copley yake ballewa. Ku karanta harafin da ke goshin jirgi. Kuma akwai tasha mai suna Fenway a reshen D, sunan na ruɗar mutane. Kenmore za ku sauka, ku bi jama'a ta Brookline Avenue, ku haye gadar David Ortiz, minti bakwai zuwa goma a tafiyar dattijo. A Kenmore ku nemi lif, kada ku bi matakala cikin turmutsutsu.

Hajiya Mairo: Kada ku sa wasa a daren da kuka sauka. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa Boston, sai an yada zango a Turai ko Istanbul ko Doha, ga tazarar awa biyar a lokacin zafi. Ƙarfe 7:10 na can 12:10 na dare ne a Kano, a tashi wajen uku na dare a jikinsa. Ku ba shi kwana biyu.

Baban Ummi: Hajiya, wanda ya shekara hamsin yana bin Red Sox daga gida ai ƙarfe ukun dare hantsinsa ne. Auta za a tausaya wa.

Ɗan Damagaram: Auta in ɗan Liverpool ne ya kwantar da hankalinsa, gidan maigidansu zai je. John Henry da abokansa sun sayi Red Sox a 2002, suka sayi Liverpool a 2010, sunan kamfaninsu ma, Fenway Sports Group, daga filin nan aka ɗauko shi. Liverpool ta buga wasan sada zumunci a kan ciyawar nan da Roma a 2012 da 2014, da Sevilla a 2019.

Auta: Ni ɗan Arsenal ne Yaya, amma zan daure. Ƙarfe nawa ya kamata mu isa?

Malam Habu: Ana buɗe ƙofofi minti 90 kafin wasa. Ku isa unguwar awa biyu kafin lokaci. Ku fara da ƙofar B, mahaɗar Van Ness da Ipswich, inda mutum-mutumin tsofaffin taurarin ƙungiyar, na Ted Williams da na Carl Yastrzemski suke, da na abokai huɗu, Williams, Bobby Doerr, Johnny Pesky da Dom DiMaggio. Sannan ku zagayo Jersey Street ku shiga ta ƙofar A ko D. Ranar wasa ana rufe titin ya zama ɓangaren filin, sai mai tikiti. Baffa zai kira shi Yawkey Way, kada ka yi masa gardama, haka sunan yake har 2018. An sauya shi ne saboda tarihin Tom Yawkey, tsohon mai ƙungiyar, wanda a zamaninsa Red Sox ta zama ƙungiya ta ƙarshe da ta sa baƙar fata a wasa, Pumpsie Green, a 1959, shekara 12 bayan Jackie Robinson ya buɗe wa baƙar fata ƙofar babbar gasar. Harufan sunan Yawkey da na matarsa suna nan har yanzu a jikin allon maki, a rubuce da ɗigo da zane na saƙon talgiram a cikin fararen layuka biyu na tsaye. Sai an ƙura ido ake gani.

Da kun shiga, kafin jama'a su cika, ku gangara kusurwar dama ku ga sandar iyakar dama da ake kira sandar Pesky. Ƙafa 302 kacal, ita ce iyaka mafi kusa a duk manyan filayen, jikinta cike da sa hannun 'yan kallo. Daga nan ku ɗaga kai zuwa Bleachers, akwai jar kujera guda ɗaya cikin koraye: sashe na 42, layi na 37, kujera ta 21. Nan ƙwallon Ted Williams ta sauka ranar 9 ga Yuni 1946, ƙafa 502. Layi 37 hawa ne ba na wasa ba. Kai ka hau ka ɗauko masa hoto, shi ya tsaya ƙasa ya auna nisan da ido, daga ƙasan ma abin ya fi ba da mamaki. A saman ɓangaren kuma lambobin rigunan taurarin da aka daina ba kowa suke, har da 8 ta Yastrzemski, 27 ta Fisk, 14 ta Jim Rice, duka 'yan ƙungiyar 1975, da 45 ta Pedro Martinez da 34 ta Ortiz.

Baban Ummi: Kada ya sa ran ganin 'yan Red Sox suna atisayen bugu. Lokacin da ake buɗe ƙofa yawanci sun gama, baƙi ne a fili. Ranar Lahadi da rana bayan wasan daren Asabar ma sau da yawa ba a yi sam.

Kuma wasan ya yi sauri yanzu. Tun da aka sa wa mai jifa agogo a 2023, daƙiƙa 15 in ba kowa a tasha, 18 in akwai (a 2023 20 ne), matsakaicin wasa ya sauko daga awa uku da 'yan mintuna zuwa wajen awa biyu da minti 40. Wanda ya tafi layin abinci ko banɗaki zai iya rasa zagaye guda cur. A yi duk wannan kafin jifan farko, ko a tashi daidai lokacin da ake sauya mai jifa. Ba a tashi ko a koma kujera ana tsakar bugu, na baya za su yi magana. In yana son rubuta wasan a takarda, ana sayar da mujallar wasa mai katin maki a ciki, ku zo da fensir biyu. In kuma yana son jin sharhi, ƙaramar rediyo mai FM ku saya ku kama 93.7. Ta intanet tana makara, sai jama'a sun gama ihu sannan mai sharhi ya ce an buga.

Yaya Talatu: Ko a Yuli ku riƙe masa rigar sanyi mara nauyi. In iska ta juyo daga teku bayan faɗuwar rana, yanayi na sauyawa cikin minti ashirin. Babbar riga kuma a bar ta a otal, kujerun nan ba za su ɗauke ta ba, ga injin bincike a ƙofa. Kaftani da takalmi mai taushi sun isa.

Auta: Allah ya saka da alheri. Saura fita. Mu tashi kafin a gama don guje wa cunkoso?

Injiniya: Kada ka soma. A filin da bango ke ƙafa 310, tazarar maki uku ba komai ba ce a zagaye na tara, kuma ba zai yafe maka ba. Ku yi akasin haka. In an tashi ku zauna minti 15 zuwa 20, ma'aikata ba sa korar mutane nan take, hanyoyin ƙarƙashin kujeru kuwa matsattsu ne, ba wurin mai sanda ba ne a lokacin. Kenmore takan cika har bakin titi. In cikin gari kuka nufa, a nan tashar Fenway ta reshen D take da amfani: tana gaban Kenmore a hanyar shiga gari, kun hau kafin taron, akwai yiwuwar Baffa ya sami wurin zama. Tafiyar ta ɗan fi tsawo amma shimfiɗaɗɗiya ce. In motar haya ta waya za ku kira, ku taka zuwa Boylston Street tukuna, don titunan da ke manne da filin a rufe suke. Jiragen ƙasan birnin yawanci suna daina aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, saboda haka in ruwa ya ja wasa ya wuce sha biyu, ku bar zancen jirgi ku kira mota.